Yadda ake koyon aikin bincike mai zaman kansa a Najeriya

Yawancin masu zuwa koyon wannan aiki suna zuwa ne da tunanin bin mutane a ɓoye da ɗaukar hotonsu ta gilashin mota. Akwai hakan a ciki, amma ɗan kaɗan ne. Abin da ya fi yawa shi ne tabbatar da magana. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari zai ba wani kamfani kayan miliyoyi bashi, yana son ya san ko kamfanin yana nan da gaske. Lauya yana neman mai shaidar da ya tashi daga gidan da aka san shi. Mai makaranta zai ɗauki direban da zai riƙa jigilar yara. Wani yana zaune a Saudiyya yana turo kuɗin gini, ana aiko masa da hoton gidan da bai tabbata nasa ba ne. Dukkansu abu ɗaya suke saye a wurinka: labarin da aka tabbatar ta halastacciyar hanya, aka rubuta shi yadda ko gaban alƙali aka kai shi zai tsaya da ƙafarsa. Namiji ko mace duk suna iya wannan aiki, kuma akwai wuraren da mace ta fi shiga.

Kayan aiki

Na farko kuma mafi muhimmanci shi ne littafin rubutu mai ɗinkakken bango, ba irin wanda ake yage takardarsa cikin sauƙi ba. Kafin ka fara amfani da shi ka bi shafukan ka sa musu lamba daga farko har ƙarshe. Sai biro guda biyu, da agogon hannu, domin ciro waya duk bayan minti biyar don duba lokaci yana jawo ido.

Sai waya mai kyamara mai kyau, da caja da fawa bank. Ka ware layi ɗaya na aiki kawai, wanda aka yi wa rajista da sunanka da lambarka ta NIN. Kada ka sayi layin da wani ya yi wa rajista. Kwamfuta tana da amfani wajen rubuta rahoto. Idan ba ka da ita tukuna, ka rubuta a waya ka je shago a buga maka, amma ka tsaya a kan mai bugun har ya goge fayil ɗin a gabanka. Ka samu filas guda biyu na ajiyar hotuna, da manyan ambulan, da akwati ko durowa mai makulli a gida.

Tufafi kuwa, na yau da kullum: abin da mutanen unguwar da za ka shiga suke sawa. Ka riƙe canjin kuɗi a aljihu saboda kuɗin adaidaita sahu da ruwan sha, don ba ko'ina tiransifa ke tafiya ba. Ka riƙe katin shaidarka na ƙasa, da wasiƙar wanda ya ba ka aikin.

Abin da ba ka bukata: bindiga, ankwa, kaki ko wani abu mai kama da shi, da manhajojin nan da ake tallatawa na leƙen wayar mutane. Kowanne cikinsu hanyar gidan yari ce.

Mataki na 1: Ka san iyakarka a doka

Kai ba ɗan sanda ba ne, ba ka da ko ƙwayar iko da ta wuce na kowane ɗan ƙasa. Wanda bai haɗiye wannan ba, gara ya nemi wata sana'a.

Najeriya ba ta da dokar da aka yi musamman don ba masu bincike masu zaman kansu lasisi. A shekarar 2024 an kawo ƙuduri a majalisar dattawa don a tsara aikin, sanatoci suka yi watsi da shi, suna tsoron a mai da shi makamin kutsawa cikin sirrin mutane da farautar abokan hamayya. Dokar da ta fi kusa da mu ita ce ta kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986, wadda hukumar Sibil Difens ke kula da lasisinta. Dokar ta hana masu gadin kamfani riƙe bindiga, ta kuma hana tallata kai da laƙabin ɗan sandan ciki mai zaman kansa. Shi ya sa za ka ga masu aikin suna yin rajista da sunan masu tantance bayanai, ko masu binciken zamba, ko masu ba da shawara kan tsaro. Kafin ka buga kati ko ka kafa allo, ka zauna da lauya ya duba kalmomin da za ka sa.

Dokoki huɗu ne ya kamata ka nemo ka karanta da kanka, kada ka tsaya ga abin da aka gaya maka. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga waya ko kwamfuta ko asusun wani ba da izini ba, da tare saƙonninsa a hanya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce tattara bayanan mutum da ajiye su sai da dalilin da doka ta yarda da shi, kuma akwai hukumar NDPC da ke bin kadin wannan. Ta huɗu ita ce dokar shaida ta 2011, za mu zo kanta.

A aikace ga abin da wannan ke nufi. Ba ka shiga gida ko harabar wani ba da izini ba. Ba ka cewa kai jami'in DSS ne ko EFCC ko ma'aikacin banki. Ba ka tsare mutum ka yi masa tambayoyi. Jerin kiran waya da bayanin asusun banki ba su fitowa sai ta hannun hukuma ko umarnin kotu. Za ka haɗu da masu ce maka suna da mutum a ciki, in ka ba da wani abu za a ciro maka. Ka guje su. Abin da aka samo ta wannan hanya yana iya jefa ka a tuhuma kai da wanda ya ba ka aikin, kuma sau da yawa ma takardar ƙirƙirarriya ce. Idan bincike ya kai inda sai an buɗe waɗannan, aikinka shi ne ka haɗa abin da ka samu, lauya ya rubuta ƙorafi zuwa ga 'yan sanda ko ya nemi umarnin kotu.

Ga Musulmi akwai wata iyakar da ta riga ta doka. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin aibin mutane. Tabbatar da gaskiyar wanda za a ba amana, ko kwato haƙƙin wanda aka zalunta, abu ne daban da tonon asirin da ba ruwan kowa da shi. Ni ina auna kowane aiki da wannan kafin in auna shi da kuɗinsa.

Mataki na 2: Karatu

Ba dole sai da digiri ba, amma dole ka iya rubutu mai tsabta da Turanci da Hausa, ka kuma iya lissafin kuɗi. Mai son karatun jami'a, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, tana da digiri a nazarin laifuka da tsaro, kuma ana yin sa ana aiki. Jami'ar Tarayya ta Dutse ma tana da wannan fanni. Wanda ya karanta lauya, ko akanta, ko aikin jarida, ya riga ya yi rabin tafiya. Daga baya, in ka samu shekaru a aikin, akwai takardun ƙwarewa na duniya irin su CFE ta masu binciken zamba da PCI ta ƙungiyar masu harkar tsaro ta ASIS.

Ka yi hattara da kwasa-kwasan kwana uku da ake ba da kati mai tambarin mikiya da laƙabi mai nauyi. Katin ba ya ba ka ikon komai, yana iya ma jawo maka tuhumar sojan gona.

Idan babu kuɗin makaranta, akwai ajin da ba a biya: kotu. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a. Ka riƙa zuwa kotun majistare ko babbar kotu kana zama a baya, ka ji yadda lauya yake warware mai shaida da tambayoyi. Ƙarfe nawa? Kana tsaye a ina? Akwai haske? Da idonka ka gani ko gaya maka aka yi? Waɗannan tambayoyin su ne za a yi maka wata rana, kuma jin su tun yanzu zai gyara yadda kake rubutu.

Mataki na 3: Koyon gani da rubutawa

Nan ne ainihin sana'ar take, kuma nan ne sababbi suka fi gajen haƙuri.

Duk abin da zai shiga littafinka ɗaya ne cikin uku: abin da ka gani da idonka, abin da wani ya gaya maka, ko abin da kake zato. Kada ka taɓa bari su cakuɗe. Na biyu ka rubuta wanda ya faɗa da lokacin da ya faɗa. Na uku ka sa masa alama a gefe don kada gobe ka karanta shi a matsayin tabbas.

Ga yadda sabon shiga yake rubutu: "Da safe ɓarayin sun zo da mota sun kwashi kayan Alhaji." Ga yadda ake so: "Talata, 9:42 na safe. Ina zaune a bencin mai shayi, tsallaken titi, kimanin taku talatin daga ƙofar sito, babu abin da ya tare ni. Farar mota ƙirar Hiace ta tsaya, na rubuta lambarta a ƙasa. Mutum biyu suka fito, ɗaya dogo da shuɗiyar shadda da hula, ɗaya da riga mai gajeren hannu. Mai gadi ya buɗe musu da makullinsa. 9:51 sun gama ɗora katan 14, na ƙirga. Ban ga abin da ke cikin katan ɗin ba. 9:55 motar ta yi gabas." A rubutu na biyu babu kalmar ɓarawo, domin ba ka san ko mai kayan ne ya aiko su ba. Amma akwai mai gadi da makullinsa, kuma wannan shi ne abin da mai sito zai so ya sani.

Atisayen da nake ba masu koyo shi ne wannan. Ka zauna a tasha ko bakin kasuwa na rabin awa, ka zaɓi shago ɗaya ka lura da shige da ficensa, ba tare da ɗaukar hoton kowa ba. Ka tashi ka koma gefe ka rubuta. Washegari ka sake, amma ka tafi da aboki, kowa ya rubuta nasa, ku gwada. Za ka sha mamakin yadda za ku saɓa a kan launin riga da yawan mutane. Ka riƙa yi har saɓanin ya ragu. Ka koyi haddace lambar mota da kallo ɗaya, da kwatanta mutum daga sama zuwa ƙasa: tsawo, jiki, fuska, tsaga ko tabo, tufafi, takalmi, yanayin tafiya. Mutum yana canza riga da hula, amma da wuya ya canza tafiyarsa.

Idan ka yi kuskure a littafi, ka ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ka rubuta daidai a gaba. Ba a gogewa, ba a yage shafi, ba a barin fili don a cike daga baya.

Mataki na 4: Binciken takardu

Kafin ka taka ƙafa ko'ina, ka fara da abin da hukuma ta riga ta rubuta.

Kamfani: shafin hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, yana da wurin bincike kyauta. Ka sa suna ko lamba, ka ga ko an yi rajista, yaushe aka yi, kuma ko kamfanin yana raye a rajista. Lamba mai RC ta kamfani ce, mai BN ta sunan kasuwanci ce. In kana son sunayen daraktoci da masu hannun jari, akwai cikakken rahoto da ake biya. Ka lura da kamfanin da aka yi wa rajista watanni kaɗan da suka wuce amma yana cewa ya shekara goma yana kwangila. Kuma rajista ba shaidar gaskiya ba ce, 'yan damfara ma suna yi. Sai ka je adireshin da aka rubuta ka ga ko ofis ne ko kangon gida.

Fili da gida: wannan ne aikin da zai fi zuwar maka, don haka ka ƙware a kansa. Ka karɓi kwafin takardar mallaka ka ɗauki lambar fayil. Ana bincike ne a hukumar rajistar filaye: a Kano KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, sauran jihohi a irin wannan hukuma ko a ma'aikatar filaye. Ana cike takardar neman bincike a biya kuɗin gwamnati a karɓi rasit, kuma ya fi sauƙi ta hannun lauya. Abin da kake nema: sunan wa ke kan fayil, an jinginar da filin a banki, gwamnati ta soke takardar, akwai ƙara a kansa. Dokar filaye ta 1978 ta ce sayar da fili mai takardar gwamna sai da amincewar gwamna, saboda haka za ka tarar da filin da ya wuce hannu uku amma sunan mai shi na farko ne a fayil. A nan sai ka bi takardun ciniki ɗaya bayan ɗaya har ka iso kan mai sayarwa na yau. Inda sarƙar ta yanke, nan matsalar take.

Bayan ofis sai ka je wurin da kanka, gani ya kori ji. Ka gwada lambobin duwatsun awo da na jikin taswira. Ka gaida mai unguwa, ka tambayi maƙwabta na dama da hagu. Idan filin ba shi da takardar gwamna, sai takardar ciniki ta mai unguwa ko dagaci, to shaidun da suka sa hannu su ne rajistarka, ka nemo su. Idan kuma aka ce maka gado ne, ka ninka hattara. Ka nemi takardar rabon gado daga kotun da ta raba, ka ji daga bakin sauran magada, har da mata. Rigimar fili da yawa daga nan take tasowa, ɗa ɗaya ya sayar da abin da ba a raba ba.

Takardun makaranta da na aiki: ka sa mai neman aikin ya sa hannu a takardar amincewa a bincika shi, sannan ka rubuta wa magatakardar makarantar. WAEC da NECO suna da hanyar duba sakamako ta intanet, NYSC tana tantance takardar hidimar ƙasa, likita kuma ana duba sunansa a rajistar hukumar likitoci ta MDCN. Kuskuren da aka fi yi shi ne kiran lambar wayar da mai neman aikin ya rubuta a matsayin ta tsohon maigidansa. Ka nemo lambar wurin da kanka, ko ka je.

Mataki na 5: Binciken intanet

Ka tsaya ga abin da mutum ya baza a fili da kansa. Ka nemi suna da rubutu iri-iri, domin Muhammad da Mohammed da Muh'd duk mutum ɗaya ne a takardu daban-daban, kuma mutanenmu suna amfani da sunan gari ko laƙabi a Facebook. Hoton kaya ko gida da aka turo wa mai ba ka aiki, ka sa shi a Google Lens ko TinEye ka ga ko daga wani shafi aka kwafo shi. Truecaller yana nuna sunan da wasu suka adana lamba da shi, don haka alama ce kawai, ba hujja ba. Duk abin da ka gani ka ɗauki hoton allon tare da adireshin shafin, ka rubuta rana da lokaci, saboda gobe ana iya goge shi. Kada ka buɗe asusun ƙarya da hoton mace don ka yaudari mutum ya saki baki.

Mataki na 6: Magana da mutane

A ƙasar Hausa ba baƙon abu ba ne a zo unguwa ana tambayar halin mutum, binciken aure ya saba mana da shi. Ka bi wannan ladabin. Sallama, gaisuwa a tsanake, sannan bayani. Ba dole ka faɗi sunan wanda ya aiko ka ba, amma kada ka yi ƙarya a kan ko kai wane ne. "Baba, wata mu'amala ce za a ƙulla da wane, aka ce in zo in ji daga bakin manya" ta isa buɗe ƙofa.

Ka yi tambayar da za ta sa mutum ya ba da labari. "Yaya zamanku da shi?" ta fi "Gaskiya ne yana cin amana?" Ta biyun ta riga ta sa masa amsa a baki, ta kuma ɓata sunan wanda wataƙila bai yi komai ba. In ya yi shiru kada ka yi saurin cike shirun, sau da yawa maganar da ake nema tana bayansa. Ka kuma saurari abin da ba a faɗa ba. Bahaushe ba ya son ɓata maƙwabci, in ka ji an ce "to, mu dai gaisawa muke yi" ko "Allah dai ya shirya mu baki ɗaya", ka san akwai sauran bincike. Amma abin da za ka rubuta shi ne kalmomin da ya faɗa, ba fassararka ba.

Masu shayi, masu gadi, masu wanki da guga, 'yan adaidaita na bakin layi, sun fi kowa sanin shige da ficen unguwa. Cikin gida kuwa sai mace, shi ya sa duk mai wannan aiki yake bukatar abokiyar aiki amintacciya. Kowace magana mai nauyi ka nemi mutum biyu da suka tabbatar da ita, ka kuma tambayi kowanne daga ina ya ji. In duk daga bakin mutum ɗaya suka ji, shaida ɗaya gare ka. Kana iya biyan kuɗin mota ga wanda ka taso, amma ba a sayen shaida. Naɗar murya kuma ka nemi izini, izinin ya fito a farkon naɗin.

Mataki na 7: Sa ido a fili

Ka bar wannan sai ka ƙware a na baya, kuma kada ka fara shi kai kaɗai. A halin da Arewa take ciki, baƙon da aka ga yana zaune yana kallon gida ko yana ɗaukar hoto, abin da za a fara zato shi ne infoman masu garkuwa da mutane ne, kuma taron jama'a ba ya jiran bayani. Wannan haɗarin ya fi na wanda kake bi. Saboda haka wasiƙar aikinka tana aljihu, lauyan da kuke aiki tare ya san inda kake, wani naka yana da lokacin da zai kira ka. Inda aikin zai ɗauki kwanaki a wuri ɗaya, ya fi aminci a sanar da DPO na yankin. Yankin da ake fama da 'yan bindiga kuwa ba a karɓar aikin sa ido a cikinsa ko nawa za a biya.

Ka je wurin tun kafin ranar, ka san hanyoyin shiga da fita, ka samu dalilin zama: shan shayi, gyaran takalmi, jiran cajin waya. Ana sa ido ne daga inda kowa yake da damar tsayawa. Ba a leƙa katanga, ba a ɗaukar hoton yara, ko barikin soja, ko shingen jami'an tsaro. In kana bin mutum a ƙafa ka bar tazara, ka fi zama a ɗaya gefen titi, kada ku haɗa ido. A cikin gari adaidaita ta fi motar gida sajewa. Ya ɓace maka, ka haƙura, gobe ma rana ce, kada ka karya dokar hanya. In ka ga alamar ya gane, ka janye nan take. Atisayen wannan da aboki ake yi, da saninsa: ya shiga kasuwa kamar Sabon Gari ka bi shi na awa ɗaya, daga baya ya gaya maka sau nawa ya hango ka.

Mataki na 8: Adana hujja

Sashe na 84 na dokar shaida ya ce abin da ya fito daga na'ura, hoto ne ko bidiyo ko saƙo, sai an haɗa shi da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka samar da shi, da cewa tana aiki daidai a lokacin. Don haka ka rubuta ƙirar wayarka, ka tabbata rana da lokacinta daidai suke. Ka bar asalin hoton yadda yake, kada ka yanke shi ko ka ƙara masa haske, in za ka yi alama ka yi a kan kwafi. WhatsApp yana matse hoto ya share bayanan da ke cikinsa in an tura shi a matsayin hoto, saboda haka ka tura shi a matsayin fayil ko ka kwafa shi kai tsaye daga wayarka zuwa filas. Takarda ko wani abu da aka ba ka, ka sa a ambulan ka rubuta wanda ya ba ka, da rana, da wuri, duk wanda ya karɓa daga hannunka ya sa hannu.

Mataki na 9: Tantance mai ba ka aiki

Mutum na farko da za ka bincika a kowane aiki shi ne wanda ya kawo shi. Ka ga katin shaidarsa, ka ji dalilinsa, ka tambaye shi abin da zai yi da sakamakon. Wanda ya zo yana neman inda matar da ta gudu daga gidansa take, ko yarinyar da ta ƙi shi, ko yana son a gano lokutan fitar wani mai kuɗi, ka sallame shi. Adireshin da ka miƙa yana iya zama sanadin ran mutum. Idan neman wanda ya ɓace ne kuma dalilin ya kwanta maka, ga hanya mai aminci: in ka same shi, ka isar masa da saƙon mai nemansa, shi ya zaɓa ko zai amsa. In maganar shari'a ce, adireshin ya tafi hannun lauya.

Ku rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce: tambayar da ake son amsawa, kwanakin da za a ɗauka, ladan aiki, kuɗin zirga-zirga daban, da kafin alƙalami. Ladanka na aikin da ka yi ne, ba na sakamakon da yake so ba. Ranar da ka yarda a biya ka sai in ka kama wane da laifi, ka sayar da idonka. Kuma kada ka zama mai karɓo bashi, wannan wata sana'a ce daban mai nata rigingimu.

Mataki na 10: Rahoto

Shafi na farko ya ɗauki tambayar da aka ba ka da amsarta a taƙaice. Sai abin da ka yi bi da bi da ranaku, sai abin da ka tabbatar da hujjar kowanne, sai abin da aka gaya maka amma ba ka tabbatar ba, sai abin da ya gagara. Hotuna da rasitai su zo a ƙarshe da lambobi. Ba a cewa "macuci ne", ana cewa "adireshin da ya bayar shagon ɗinki ne, mai shagon ya ce bai san shi ba". In bincike ya wanke wanda ake zargi, ka rubuta hakan da ƙarfin da za ka rubuta kishiyarsa, ko da mai biyan ka bai so ba. Rahoton na wanda ya ba ka aiki ne shi kaɗai. Ba a hira da shi a majalisa, ba a ba matar gida labari.

Mataki na 11: Zama ƙarƙashin wani kafin ka buɗe naka

A jihar Kalifoniya ta Amurka sai mutum ya tara awa 6,000 na aikin bincike, kimanin shekara uku, kafin a ba shi lasisi. Mu nan babu mai tilasta maka, amma ka ɗora wa kanka wani abu mai kama da haka. Wuraren da ake samun horo: ofishin lauya mai yawan shari'ar filaye, kamfanonin da ke tantance ma'aikata da adireshi wa bankuna, ƙananan bankunan ba da rance, masu tantance asarar inshora, sashen odita na babban kamfani, ko kamfanin tsaro mai lasisin Sibil Difens. Aikin tantance adireshi ba shi da kuɗi sosai, amma zai koya maka unguwanni da yadda ake tambaya. Tsofaffin 'yan sandan sashen binciken manyan laifuka da suka yi ritaya suna da ilimi mai yawa, ka kusance su ka koyi ɗaukar jawabi, sai dai ka tuna wasu hanyoyin da suka saba da su ikon kaki ne ya halatta musu.

In lokacin buɗe naka ya yi, ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, ka karɓi lambar haraji, ka buɗe asusun banki da sunan kasuwancin don kuɗin aiki ya rabu da na cefane. In za ka haɗa da samar da masu gadi, wannan sai cikakken kamfani da lasisin Sibil Difens. Ka zaɓi fanni ɗaya ko biyu ka tsaya a kai, filaye da tantance 'yan kasuwa sun isa riƙe mutum a garuruwa irin Kano da Kaduna. Ayyukan farko daga lauyoyi za su zo, don haka ka shirya samfurin rahoto wanda ka cire sunaye da adireshi daga cikinsa, ka bi ofisoshinsu da shi a hannu.